Komawar Matan Aure Makaranta Don Koyon Aikin Ungozoma a Zamfara

A ƙasar Hausa, ungozomar gargajiya tsohuwa ce wadda akan kira bayan jariri ya faɗo, ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta kula da wankan jego. Naƙuda kuwa mace kan yi ta ita kaɗai a ɗaki, saboda kunya, musamman a haihuwar fari. Idan jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama mai ciki, ko naƙuda ta yi tsawo har ta kai ga yoyon fitsari, to, tsohuwar ba ta da dabarar da za ta yi. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya ƙiyasta cewa mata 512 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya.

Gwamnatin Tarayya ta gwada magance wannan a 2009, inda ta riƙa tura ungozomomi, har da waɗanda suka yi ritaya, zuwa asibitocin karkara. Sai dai baƙuwar da aka kawo daga nesa, ba ta jin Hausa, ba ta da dangi a ƙauyukan Bungudu ko Tsafe, da wuya ta daɗe. Wannan ne ya sa hankali ya koma kan matan garin kansu, watau waɗanda suka bar karatu suka yi aure.

Matsalar irin wannan mace ba ƙarancin basira ba ce. Shiga makarantar ungozoma na buƙatar kiredit biyar: Turanci, lissafi, da darussan kimiyya uku, alhali kuwa makarantar da ta yi mai yiwuwa ba ta da ko ɗakin gwaji. Shirin Women for Health, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 a jihohi biyar na Arewa, ciki har da Zamfara, ya ɓullo da ajin share fage don cike wannan giɓi. Aka kuma tanadi wurin renon yara, domin mai goyo ba ta barin ɗanta a gida. Sharaɗin shi ne jama'ar garinsu su tsayar da ita, mijinta ya amince, ita kuma ta koma ta yi musu aiki.

Karatun ba wasa ba ne. A makarantar jinya da ungozoma ta Gusau, matar da ta haifi uku za ta zauna aji ɗaya da sa'o'in ƙannenta, ta yi aikin dare a ɗakin haihuwa, sannan ta zauna jarrabawar Hukumar Jinya da Ungozoma ta Nijeriya. Amma tana da abin da budurwa ba ta da shi: ta san zafin naƙuda, kuma surukai sun fi sauraron ta idan ta ce a kai mai ciki asibiti. Wadda ta riga ta zama ma'aikaciyar jinya kan yi wata 18 kawai. Mai neman digiri kuwa sai ta nufi jami'a, kamar ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda karatun jinya yake shekara biyar.