Faransanci a Matsayin Jari Wajen Faɗaɗa Rumbun Kalmomin Ingilishi

Dokar sake gina ƙasa ta 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ta kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Amma tun kafin wannan lokaci Ingilishi ya zame wa mai nazarin harshe dole, domin manyan littattafan nahawun Hausa kansu, irin na Paul Newman na 2000 da na Philip Jaggar na 2001, da shi aka rubuta su. Ɗalibin da ƙarancin kalmomi ya hana shi karanta su, ya rasa wani babban sashe na abin da aka faɗa a kan harshensa. Sai dai wanda ya yi karatu da Faransanci ba da hannu biyu yake shiga Ingilishi ba. Yana riƙe da jarin da sau da yawa bai san darajarsa ba.

Asalin wannan jari tarihi ne. A shekarar 1066 William na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na kusan ƙarni uku, talakawa kuwa suka ci gaba da harshensu. Shi ya sa dabba a makiyaya take da sunan gida, cow ko sheep, namanta a gaban sarki kuma ya ɗauki sunan aro, beef ko mutton, daga kalmomin da suka zama bœuf da mouton. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, tun da haka Larabci ya ba Hausa kalmomin shari'a da ilimi irin su alƙali da hukunci da littafi, ya bar mata ruwa da gida da gona.

Tasirin ya fi yawa a harshen ilimi. A shekarar 2000 Averil Coxhead ta fitar da jerin iyalan kalmomi 570 da suka fi yawo a rubuce-rubucen jami'a, mafi rinjayensu kuwa daga Latin da Girkanci suke, tushen da Faransanci ma ya sha. Saboda haka, maimakon haddar kalmomi ɗai-ɗai, ya fi riba a koyi ƙa'idojin dacewa. Ɗafa-ƙeyar -té takan koma -ty, kamar a liberté da liberty. -Eux ta koma -ous, kamar a dangereux da dangerous. -Aire ta koma -ary, kamar a nécessaire da necessary. Ƴar hular da ke kan wasali a forêt da hôpital alama ce ta harafin s da ya ɓace, wanda Ingilishi ya riƙe a forest da hospital. Wanda ya gane yadda ɗafa-goshin ma- ya fitar da makaranta daga karanta, ya riga ya san amfanin irin wannan nazari.

Kama da wane dai ba ta wane ba ce. Akwai kalmomin da siffarsu ɗaya ce amma ma'anarsu ta rabu. Library ɗakin karatu ne, librairie kuwa kantin sayar da littattafai. Attend halarta ne, attendre jira ne. Wadda ta fi shafar ɗalibai ita ce ta jarrabawa: passer un examen zama ne a rubuta ta, pass an exam kuwa cin ta ne. Irin waɗannan sun cancanci shafi na musamman a littafin ɗalibi, kowace cikin cikakkiyar jimla. Furuci ma yana yaudara, domin Faransanci yana kai nauyin murya ƙarshen magana, Ingilishi kuwa yana sauya masa mazauni: a gaɓar farko a photograph, a ta biyu a photography. Kamar karin sauti a Hausa, tare da kalmar ake koyonsa.

Inda jarin yake ƙarewa shi ne wajen gajerun aikatau na asalin Ingilishi, irin su give da put da look, waɗanda ma'anarsu ke sauyawa da ƴar kalmar da ta biyo baya. Give up dainawa ne, put off ɗagewa, look after kuwa kulawa. A nan Hausa ce ke zama malama, domin wanda ya san cewa cin kasuwa da cin amana da cin gaba ba su da alaƙa da abinci, zai gane cewa dunƙule ake ɗaukar irin waɗannan, ba a fassara su kalma-kalma.

Binciken Paul Nation na 2006 ya nuna cewa ana buƙatar iyalan kalmomi 8,000 zuwa 9,000 kafin a karanta littafi ko jarida ba tare da jingina da ƙamus ba. Wannan adadi ba ya samuwa sai da yawan karatu da maimaici a kai a kai. Abin da ya dace shi ne malamai su daina koyar da Ingilishi kamar ɗalibi bai san wani harshe ba, shi kuma ɗalibi ya riƙa tambayar kansa game da kowace sabuwar kalma: shin tana da ƴar'uwa a Faransanci, kuma ma'anarsu ɗaya ce?