3.4 Matsayin Batir a Gidan da Ke Amfani da Wutar Sola

A sashen da ya gabata an yi bayanin faifan sola, wato abin da ke mayar da hasken rana lantarki. A nan kuma za a dubi batir, domin a ganin mai wannan bincike shi ne ke tsara harkokin gidan da ya koma sola, musamman tun da aka cire tallafin fetur a Nijeriya a 2023, janareto ya gagari mutane da yawa.

Faifai ba ya aiki sai da rana, alhali da dare aka fi bukatar wuta. Batir mai ruwa, mai bolt 12 da amfiya 200, yana ajiye wutar da ta kai wat 2,400 na tsawon awa guda, amma rabinta kaɗai ake so a yi amfani da shi. Idan aka riƙa tatse shi ƙarƙaf, ba zai daɗe ba zai lalace, ga shi kuma da tsada. Batirin lithium ya fi juriya, sai dai kuɗin sayensa ya fi yawa.

Wannan ne ya sa ake mayar da ayyuka masu cin wuta, kamar guga da jan ruwan burtsatse, zuwa tsakar rana. Da dare kuwa sai fitila da fanka da cajin waya. Da hunturu ƙura kan lulluɓe faifai, caji ya ragu, sai an riƙa goge shi. Amma bazara ta fi wuya: fanka kan kwana tana juyawa, zafin kuma yana rage wa batir kwana, ta yadda a wasu gidaje wuta kan ɗauke tun kafin kiran sallar asuba.