Daga Rikkos Zuwa Kigali: Dangantakar Da Nahawu Ya Adana

A Rikkos, cikin garin Jos, Hausa ce harshen ciniki da hirar maƙwabta. Amma a gidajen Afizere da Berom da Tarok da ke cikin garin da kewayensa akwai harsunan da tsarinsu ya fi kusa da na mutanen Kigali, babban birnin Ruwanda, fiye da na Hausar da ake ji a bakin titi.

Hausa, wadda take cikin harsunan Cadi, tana raba sunaye gida uku: namiji, mace da jam'i. Kinyarwanda kuwa ba ruwanta da jinsi. Tana kasa sunaye aji 16, kowane da ɗafa-goshinsa. Mutum shi ne umuntu, mutane abantu. Abu ikintu, abubuwa ibintu. Sifa da aikatau dole su bi ajin sunan: mutumin kirki umuntu mwiza, mutanen kirki abantu beza, abu mai kyau ikintu cyiza. Daga irin wannan kalma ta abantu ne masanin harshe Wilhelm Bleek ya laƙaba wa dangin sunan Bantu a ƙarni na 19.

Sai dai harsunan Bantu, kimanin 500, ba su tafi bai ɗaya ba. Kinyarwanda da Zulu suna sa wasali kafin ɗafa-goshi, Swahili kuwa babu shi: mtu, watu. Kinyarwanda tana bambanta ma'ana da karin sauti kamar Hausa, Swahili ta yar da shi. Haka kuma aikatau a Kinyarwanda yana rarrabe abin da ya faru yau da wanda ya faru tun da daɗewa.

Abin da ya haɗa wannan da Filato shi ne asali. Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a Kano kafin littafinsa na 1963 kan rabe-raben harsunan Afirka, ya nuna cewa Bantu reshe ne na dangin Binuwai-Kwango, kuma mafarinsa yana kan iyakar Najeriya da Kamaru. Harsunan Filato ma 'yan wannan dangi ne, kuma alamar tana nan a sunayen al'ummomin. Mutum ɗaya Worom ne, jama'a Berom. A Langtang ana cewa uTarok ga mutum, oTarok ga jama'a, iTarok ga harshe, daidai da yadda ake cewa Umunyarwanda, Abanyarwanda, Ikinyarwanda. Luc Bouquiaux ya bayyana tsarin Berom a littafinsa na 1970.

Akwai ruɗanin da ya kamata a warware. Hausawa suna kiran Afizere Jarawa, amma harshensu, Izere, na rukunin Filato ne. Harsunan da masana ke kira Bantun Jarawa, irin su Bankal da Duguri a Bauchi da Mbula a Adamawa, su ne suka fi kusa da Bantu ta fuskar kalmomi, ga shi kuwa sun zubar da mafi yawan ɗafa-goshin aji. Ke nan tsarin da ake gani kamar ginshiƙi yana iya rushewa.

A nan darasin yake ga masu tsara manufofi. A Ruwanda kusan kowa yana jin Kinyarwanda, kuma tana cikin harsunan hukuma tare da Ingilishi da Faransanci da Swahili, wadda aka ƙara a 2017. Harsunan Filato ba su da wannan gata. Yaron da ya tashi a Rikkos da Hausa da Ingilishi yana iya riƙe gaisuwar kakarsa, amma daidaita suna da aikatau sai wanda ya sha harshen tun yana ƙarami. Ɗawainiyar daidaita rubutu da samar da littattafai tana wuyan hukumar NERDC da Cibiyar Harsunan Najeriya ta Aba, tare da masana na Jami'ar Jos, kuma duk aikin kasafin kuɗi yake jira.

Jami'in da aiki ya kai Kigali, inda aka rattaba hannu kan yarjejeniyar kasuwanci ta Afirka a 2018, in ya ji an ce abantu, ya sani dangin kalmar suna gida.