Tukunyar bakin boda: abin da ake ci a Magamar Jibiya

Yau a Magamar Jibiya za mu yada zango, inda mota ke tsayawa kafin ta haye Ɗan Isa ta kama hanyar Maraɗi. Ni dai in ka tambaye ni ko boda na tafiya, teburin mai shayi zan kai ka, ka ƙirga kofuna.

Dalili kuwa, abincin wurin na masu jira ne. Direban da takardunsa ba su fito ba, yaron mota, ɗan kamasho, mai canjin sefa, babu mai komawa gida ya ci. Shi ya sa abin da ake iya ci a tsaye ya fi tafiya: koko da ƙosai da sassafe, ɗanwake da mai da yaji, fura da nono in rana ta take, balangu da yamma. Dogon burodin nan mai taurin ɓawo, gadon Faransa, daga Nijar ya shigo mana. Garin kwaki kuma daga nan yake hayewa, can su ce garin rogo, su kwaɗa da ƙuli. Dambun zogale kuwa, wallahi na Maraɗi ya fi, kada Katsinawa su ji haushi.

Haka abin yake a Mombasa da Zanzibar, bakin tekun gabashin Afirka, sai dai su jiragen ruwan Larabawa da Indiyawa ne suka kai masu shinkafar pilau da sambusa da chapati, suka haɗa da madarar kwakwa. Har akwai zumunci ma. Kanumfarin da ke ƙamsasa furarmu ba ya fitowa a ƙasar Hausa, Zanzibar ta yi suna da nomansa. Su ce karafuu, mu ce kanumfari, duk daga Larabci.

To amma tukunyar nan da ƙofa take numfashi. An rufe iyakokin Najeriya a Agustan 2019, ta Jibiya ba a buɗe ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa, har Maris na 2024. Mai buhu zai iya kulle kayansa a sito ya jira. Mai ƙosai fa? Ƙullun da ta markaɗa da asuba ba ya kwana, nono ma haka. In motoci ba su zo ba, ta tafka asara tun kafin azahar, gobe kuma da kuɗin yau za ta sayi wake.