Yadda Enzayim Ɗaya Ke Riƙe Aikin Ɗan'uwansa a Cikin Bakteriya

An daɗe ana koyar da ɗalibai cewa kowane enzayim aikinsa ɗaya tak, ba ya taɓa na wani. Enzayim dai furotin ne da ke hanzarta haɗa ko rarraba sinadarai a cikin ƙwayar halitta. Tun a 1976 masani Roy Jensen ya kawo ra'ayin cewa enzayim na farkon zamani ba su da irin wannan tsantseni, kowanne yakan taɓa ayyuka da dama. Binciken da aka yi daga baya a kan bakteriya ya mara masa baya.

Mu ɗauki enzayim biyu, HisA da TrpF. Na farko yana cikin jerin masu haɗa sinadarin histidin, na biyu kuma a jerin masu haɗa tiriftofan, dukansu amino asid ne da bakteriya ba za ta gina furotin ba sai da su. Jerin biyu daban suke, amma enzayim ɗin nan biyu ƙirar jikinsu ɗaya ce, kuma irin canjin da suke yi wa sinadarin da suka kama ɗaya ne: buɗe zoben sukarin da ke jikinsa su sauya masa tsari. Bambancin yana ga girman abin da kowanne ke kamawa, domin na HisA ya fi girma sosai.

Ƙwayar cutar tarin fuka ba ta da ƙwayar gadon da ke samar da TrpF sam, amma tana haɗa tiriftofan lafiya lau. A 2003 Francisco Barona-Gómez da David Hodgson, a Jami'ar Warwick ta Ingila, suka gano bakin zaren: ita da danginta Streptomyces suna da enzayim ɗaya, ɗan gidan HisA, wanda ke yin ayyukan biyu. Aka sa masa suna PriA.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne wanda aka wallafa a mujallar Science a 2012, na Joakim Näsvall da Dan Andersson na Jami'ar Uppsala a Suwidin, tare da abokan aikinsu. Sun ɗauki Salmonella, dangin ƙwayar da ke kawo taifot, wadda aka cire mata TrpF. Sai aka samu wadda HisA ɗinta ya ɗan sauya, ya fara yin aikin TrpF ba tare da ya saki nasa ba, sai dai duka biyun da rauni, kamar maƙerin lauje da aka tilasta wa ƙera wuƙa. Suka bar ƙwayoyin suna hayayyafa har zuriya 3,000 a abincin da babu histidin babu tiriftofan. Da farko ƙwayoyin suka yawaita kwafin ƙwayar gadon, domin yawan enzayim ya cike gurbin rauninsa. Daga nan kwafe-kwafen suka fara rarrabuwa: a wasu zuriyoyin ɗaya ya ƙware a histidin, ɗaya a tiriftofan, a wasu kuma enzayim ɗaya ya inganta a ayyukan biyu. Sabuwar ƙwayar gado ta samu a gaban idon masu bincike, abin da a da sai dai a yi hasashensa.

Ina ganin wannan batu bai kamata ya tsaya a ɗakin gwaji ba, domin ya shafi maganin da ke kan kanta a kowane kemis. Septrin magunguna biyu ne a haɗe, kowanne yana toshe enzayim ɗaya a hanyar da bakteriya ke haɗa sinadarin folet. Bakteriyar da ta bijire masa sau da yawa ba ta gyara nata enzayim ɗin ba. Ta karɓo ƙwayoyin gado ne daga wata bakteriyar, irin su sul1, sul2 da dangin dfrA, waɗanda ke samar da enzayim na madadi da ke yin aikin iri ɗaya, maganin kuma ba ya kama su. Duk lokacin da aka sha Septrin babu dalili, ko aka zuba dangin maganin a ruwan kaji ba da shawarar likitan dabbobi ba, ƙwayoyin da ba su da madadin ne ke mutuwa, masu shi kuma su samu fili su yaɗu.