Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Giya, idan ta kama mutum, ciwo ce. Mashayi yakan rantse da safe ya bar ta, da marece ya koma. Sau da yawa dalili shi ne, shi kaɗai yake kokawa da ita.

A shekara ta 1877, a birnin Jeneba na ƙasar Suwis, wani fasto mai suna Louis-Lucien Rochat ya kafa ƙungiyar Croix-Bleue, wato Shuɗin Gicciye. Ga dabararsu: ba mashayi kaɗai ke ɗaukar alkawalin barin giya ba. Ƴan'uwansa Kirista waɗanda giya ba ta kama ba, su ma sukan sa hannu, su bar ta dominsa. Sukan taru su yi addu'a, su ziyarci juna. Wanda ya faɗi a tashe shi, ya sake alkawali. Yau ƙungiyar tana aiki har a Cadi da Togo.

Mai karatu, in ɗan'uwanka na son bari, kada ka guje shi. Amma a kula: wanda ya daɗe yana sha, in ya bari farat ɗaya, makyarkyata ko farfaɗiya na iya kama shi. Ka raka shi asibiti tukuna.