Gado Ne, Ba Aro Ba

Mutumin Albaniya yana kiran dare natë, Bajamushe ya ce Nacht, ɗan Norwe kuma natt. Masu sha'awar harsuna da yawa, da zarar sun ji haka, sai su yanke hukunci cewa aro ne: Jamus ce babba, don haka a wurinta sauran biyun suka kwasa. Ban ga laifinsu ba, domin Norwe ta ari kalmomin Jamusawa ba kaɗan ba. Amma a kan wannan kalma, ina da ja.

Fataken Jamus na ƙungiyar Hansa sun kafa zango a Bergen ta Norwe wajajen 1360, suka shafe ƙarnuka suna cinikin busasshen kifi, har Jamusancin arewa ya shiga bakin mutanen gari. A cikin abin da suka bari akwai makt, wato iko, wadda ta shigo da sautinta na tsakiya bai faɗi ba. Ita kuwa natt ta bi tsohuwar ƙa'idar harshen Norwe, wadda ke haɗiye wannan sauti ya koma t biyu. Shi ya sa takwas take acht a Jamus amma åtte a Norwe, 'ya kuma Tochter can, datter nan. Da a bakin fataken aka ɗauko natt, da ta fito da kamannin makt. Ballantana ma tana cikin rubuce-rubucen kakannin mutanen Norwe tun fataken ba su iso ba.

Batun Albaniya shi ya fi taɓa ni, don an saba raina harshen. Littafinsu mafi daɗewa da ya tsira, na Gjon Buzuku, na 1555 ne, sai wasu su ɗauka harshen yaro ne mai rayuwa da tsince-tsince. Alhali tun 1854 masanin harsuna Franz Bopp ya nuna ɗan gidan harsunan Indo-Turai ne, kuma yau reshensa daban ake lissafa shi. A kalmomin gado yakan yar da k idan ta zo gaban t, kamar a tetë, takwas. A kalmomin da ya ara daga Latin kuwa wani abu yake yi: lucta ta koma luftë, yaƙi. Natë ta bi hanyar tetë ne.

Ga kuma danginta a warwatse: nox a Latin, nyx a Girkanci, naktis a Lituwaniya, nahts a Baibul ɗin da Wulfila ya fassara wa Gotawa a ƙarni na 4. Babu wani fatauci na Jamusawa da ya isa ya raba kalma ɗaya ga waɗannan duka.